Ra'ayi: Sayen zinariya ba awo ba takarda cinikin biri a sama ne

Labari ne da aka saba ji a Maradi da Damagaram da Tahoua da Yamai, sunayen mutanen ne kawai ke sauyawa. Saurayi ya share shekara biyu ko uku yana aikin gini a Libiya ko Aljeriya, ko yana fama da talla a Abijan, ya tara abin da ya tara, ya aiko gida a haɗa masa lefe. Yayarsa ko gwaggonsa ta shiga kasuwa ta zaɓo sarƙa da 'yan kunne da zobe, aka ɗauki hoto aka tura masa ta WhatsApp, ya ga suna walƙiya, ya sa albarka. Bayan 'yan shekaru rashin lafiya ta shigo gidan, ko jari ya karye, matar ta ɗauko sarƙar ta kai kasuwa. Mai saye ya goga ta a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗora a sikeli, ya faɗi kuɗin da bai kai abin da aka yi zato ba ko kusa. Idan ta ce ai a matsayin karat 21 aka sayar da ita, sai a nemi takarda. Babu takarda, kuma wadda ta sayo ba ta ma tuna giram nawa aka ce mata ba.

Cikin kayan lefe duka, zinariya ce kaɗai ake saye da niyyar ta daɗe ta kuma yi rana. Atamfa za ta koɗe, turare zai ƙare, takalmi zai tsinke. Amma ita ce kuma ake saye da mafi ƙarancin bincike. Matashin da ba zai karɓi wayar hannu ba sai ya kunna ta, ya duba batir da kyamara, ya karɓi kwalinta, shi ne zai aiko da kuɗin da ya ninka na wayar sau biyar a sayo ƙarfen da babu wanda ya auna a gabansa. Uwargidan da ba za ta yarda a auna mata gero da tiyar da ta lotse ba, ita ce za ta karɓi sarƙa da kalmar baki kawai. Alhali kuwa zinariya na cikin kayan da suka fi sauƙin tantancewa, saboda halayenta sun bambanta da na kusan duk wani ƙarfe. Lokaci ya yi da mai saye zai san waɗannan halaye, mai sayarwa ya riƙa rubuta abin da ya sayar, hukumomi kuma su samar da wurin gwaji da talaka zai iya zuwa.

Abin da ya raba ta da sauran ƙarafa

Hali na farko shi ne ba ta tsatsa. Iska da ruwa da gumi da sabulu ba sa cin ta. Baƙin ƙarfe yana tsatsa, azurfa tana yin baƙi, tagulla tana yin tsanwa, amma zinariya tana nan yadda take. Abin rufe fuskar Fir'auna Tutankhamun na Masar, wanda aka gano kabarinsa a 1922, ya haura shekara 3,000 da ƙerawa kuma har yau yana ƙyalli. Wannan ne ya sa 'yan kunnen kaka ke iya kaiwa ga jika, a narkar da su a sake musu fasali ba tare da zinariyar ta lalace ba. Tana narkewa a zafin digiri 1,064, wanda maƙeri ke iya kaiwa da gawayi da zuga-zugi ko da wutar gas.

Hali na biyu shi ne nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Da za a cika wannan litar da zinariya, nauyinta zai kai kilo 19.3. Litar darma kilo 11.3 ce, ta azurfa 10.5, ta jan ƙarfe kusan 9, ta tagulla kuwa wajen 8.5. Wato sarƙar zinariya ta gaske tana ninka ta tagulla mai girma irin nata nauyi kusan sau biyu. Sandar zinariya mai kilo guda ba ta fi ƙaramar wayar hannu girma ba.

Hali na uku shi ne taushi. Giram ɗaya ana iya bugunsa ya baje ya rufe fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, ko a ja shi ya zama zare mai tsawon fiye da kilomita biyu. Wannan taushi ne ke ba maƙeri damar fitar da zane mai laushi kamar saƙa. Shi ne kuma ke ba mai ha'inci damar shafa ɗan mitsitsin zinariya a bayan tagulla ta fito tamkar ta gaske. A Faransa, kafin a kira kaya masu ruwan zinariya da wannan suna a hukumance, sai kaurin shafin ya kai mikiron 3, wato kashi uku cikin dubu na milimita. Silin gashin mutum ya ninka haka kauri fiye da sau goma. Irin wannan shafi ba ya jure gugar fata na tsawon lokaci, shi ya sa sarƙar da aka ce ta gaske ce ke fara sauya launi a maƙulli da wurin da take gogar wuya.

Karat shi ne asalin ciniki

Saboda taushinta, zinariya zalla ba ta dace da abin da za a sa kullum ba. Zobe zai lanƙwashe, maƙullin sarƙa zai buɗe, ƙugiyar ɗan kunne za ta miƙe. Don haka kusan duk kayan adon da ke kasuwa gauraye ne: ana haɗa zinariya da jan ƙarfe ko azurfa ko wasu ƙarafa don ta yi ƙarfi. Gaurayen ba laifi ba ne, ƙa'idar sana'ar ke nan a duniya baki ɗaya. Laifin yana zuwa ne idan aka ɓoye wa mai saye yawan abin da aka gauraya.

Karat shi ne ma'aunin wannan gauraye. Ana raba ƙarfen kashi 24, a ƙirga nawa ne zinariya. Karat 24 ita ce zalla, ana buga mata lamba 999. Karat 22 lambarta 916, wato cikin kowane kashi dubu, 916 zinariya ce. Karat 21 lambarta 875, karat 18 lambarta 750, karat 14 lambarta 585, karat 9 kuma 375, wadda ko rabi ba ta kai ba. Ƙasashe sun bambanta a abin da suka fi so. A Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa na yankin an fi sayen 21, a Indiya 22, a Faransa da Italiya 18, a Amurka kuma 14. Wanda ɗan'uwansa ya aiko masa da zobe daga Turai da wadda ta sayo awarwaro a Makka lokacin aikin Hajji duk suna riƙe da zinariya, amma giram ɗinsu ba kuɗi ɗaya ba ne.

Launi ba hujja ba ne. Idan aka ƙara jan ƙarfe, kayan sukan yi ja-ja. Idan aka ƙara azurfa, sukan yi haske. Farar zinariya kuwa ana samun ta ne ta hanyar haɗawa da fararen ƙarafa kamar nikel ko faladiyom. Maƙerin da ya ƙware yana iya fitar da karat 18 da launin da ido ba zai raba shi da na 21 ba, musamman idan aka ƙara mata shafi daga waje. Nikel ɗin nan shi ne sau da yawa ke sa kunnen wasu mata ƙaiƙayi da kumburi, jan ƙarfe kuma shi ke barin tsanwan zane a yatsa.

Lissafin da ya kamata kowa ya iya

A watan Oktoban 2025 farashin zinariya a kasuwar duniya ya haura dalar Amurka 4,000 kan kowace oza, ita kuwa oza ɗaya giram 31.1 ce. Idan aka juya da kuɗin CFA na lokacin, giram ɗaya na zinariya zalla ya wuce jika 70. A ɗauki jika 70 ɗin a matsayin misali. Saitin sarƙa da 'yan kunne mai nauyin giram 20, idan karat 21 ne, akwai zinariya giram 17.5 a ciki. Idan karat 18 ne, giram 15 ce. Bambancin giram biyu da rabi ke nan, wato jika 175. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun daga Janairun 2024 jika 42 ne, ke nan bambancin da ido ba ya gani ya fi albashin wata huɗu na ƙaramin ma'aikaci. Idan kuwa karat 14 aka miƙa da sunan 21, zinariyar da ke ciki giram 11.7 ce, asarar kuma ta haura jika 400.

Akwai wasu ƙofofin asara bayan karat. Duwatsun ado da ake liƙa wa sarƙa suna da nauyi, kuma idan aka auna su tare da ƙarfen, mai saye ya biya kuɗin zinariya a kan gilashi. Ranar sayarwa sai an cire su kafin a ɗora a sikeli. Akwai ƙarfen da ake liƙa gaɓoɓin sarƙa da shi, wanda sau da yawa karat ɗinsa bai kai na jikin sarƙar ba. Akwai awarwaro mai rami a ciki, wanda ake iya cikawa da abin da ba zinariya ba. Sai kuma kuɗin ƙira, wanda haƙƙin maƙeri ne, amma ba ya dawowa idan aka tashi sayarwa, domin mai saye nauyi da karat kawai yake biya. Duk wanda ya san wannan zai nemi a raba masa lissafi gida uku: nauyin ƙarfe, farashin giram, da kuɗin ƙira.

Gwajin ba shi da wuya

Gwaji mafi sauƙi shi ne na maganaɗisu. Zinariya ba ta bin sa, don haka sarƙar da ta manne masa akwai baƙin ƙarfe ko nikel mai yawa a cikinta. Sai dai tagulla da jan ƙarfe su ma ba sa bin maganaɗisu, saboda haka tsallake wannan gwaji bai isa shaida ba.

Na biyu shi ne wanda maƙera suka gada: a goga kayan a baƙin dutse su bar zane, a ɗiga wa zanen ruwan asid. Zanen tagulla yana ɓacewa nan take, na zinariya yana tsayawa, kuma akwai ruwan gwaji daban-daban na karat 14 da 18 da 21. Raunin wannan gwaji shi ne bayan kaya kawai yake taɓawa. Idan ana zargin shafi ne, sai an ɗan kankare wani lungu an kai ga abin da ke ciki.

Na uku ya dogara da nauyin nan da aka ambata, kuma duk mai ƙaramin sikeli na lantarki zai iya yi. A auna kayan a rubuta nauyinsu. A ɗora kofin ruwa a sikeli a mayar da shi sifili, a ɗaure kayan da zare a nutsa su cikin ruwan ba tare da sun taɓa gindin kofin ba, a rubuta lambar da ta fito. A raba lamba ta farko da ta biyu. Zinariya zalla za ta ba da 19 da 'yan kai, karat 21 wajen 17, karat 18 tsakanin 15 da 16, karat 14 wajen 13, tagulla kuwa ba za ta kai 9 ba. Gwajin ba ya aiki a kan kaya masu rami ko masu duwatsu. Ƙarfe ɗaya da ake samu da araha wanda nauyinsa ya yi daidai da na zinariya shi ne tongistan, amma taurinsa ya sa an fi cin karo da shi a jabun sanduna fiye da siraran sarƙoƙi.

Na huɗu na'ura ce da ke haska ƙarfe da haske irin na hoton ƙashi a asibiti, ta fitar da kason kowane ƙarfe cikin daƙiƙoƙi ba tare da an kankare komai ba. Ita ma shafi mai kauri yana iya ruɗin ta, shi ya sa masu sana'ar ke haɗa ta da gwajin nauyi. Tana da tsada ga ƙaramin mai shago, amma ba ta fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa ko ma'aikatar gwamnati ba.

Me ya sa maganar ta fi nauyi yanzu

Ga mata da yawa a wannan yanki, sarƙa asusu ce. Wadda ba ta da ajiya a banki, idan ta ɗauki adashe takan mayar da shi 'yan kunne ko zobe, saboda ta san kuɗi a hannu ba sa kwana, kuma abin da ke wuyanta ba kowa ke iya cewa ta ara masa ba. Tarihi ya ba ta gaskiya. A Janairun 1994 an karya darajar CFA da rabi cikin dare ɗaya. A Najeriya, inda 'yan kasuwar Maradi da Damagaram ke hulɗa kullum, dala ɗaya ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin hukuma a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Wadda ta ajiye takardun kuɗi ta ga sun zube, wadda ta ajiye zinariya ta tsira da abinta. Farashin oza ya fara haura dala 2,000 a Agustan 2020, ya haura 3,000 a Maris na 2025, kafin ya kai 4,000 a Oktoban 2025.

Wannan ba ya nufin zinariya ba ta faɗuwa. Daga wajen dala 1,900 a 2011 ta sauko zuwa wajen 1,050 a ƙarshen 2015, kuma wanda ya saya a sama ya sayar a ƙasa ya ji a jikinsa. Kayan ado kuma ba su kai sanda ko tsabar zinariya riƙe daraja ba, saboda kuɗin ƙira. Amma wannan haɗari ne na kasuwa da kowa ke ɗauka da saninsa. Asarar da ke zuwa daga ƙaryar karat daban take, kuma tana ƙaruwa ne daidai da tashin farashi: duk lokacin da giram ya ƙara tsada, ribar rage kashi ɗaya ko biyu a tukunyar narki tana ƙaruwa. Ranar da ake gano ta kuma ita ce ranar da aka fi bukatar kuɗin, ranar da mara lafiya ke kwance ko mai gidan haya ke bakin ƙofa.

Addini ma ya ɗora lissafi da yawa a kan awon zinariya. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, dinari kuwa giram 4.25 ne. Nisabin zakka dinari 20 ne, wajen giram 85. Musayar zinariya da zinariya sai nauyi ya yi daidai kuma hannu da hannu, shi ya sa malamai ke ba masu son canza tsohuwar sarƙa shawarar su sayar da ita su karɓi kuɗi, sannan su sayi sabuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce da mutum zai iya kiyayewa idan bai san nauyi da ingancin abin da ke hannunsa ba.

Hujjar masu cewa a bar abin yadda yake

Wasu za su ce kasuwar zinariya da amana take tafiya, kuma neman takarda daga mutumin da ya sayar wa uwa ya sayar wa 'ya tamkar zarginsa ne. Gaskiya ne akwai maƙera da 'yan kasuwa da suka shekara da shekaru ba a taɓa kama su da ha'inci ba, kuma su ne suka fi yawa. Amma amanar nan ta ginu ne lokacin da mai saye da mai sayarwa ke unguwa ɗaya. Yau mai kuɗin yana Tripoli ko Legas, mai zaɓe tana Maradi, kayan sun fito daga Dubai ta hannu uku ko huɗu, wani lokaci ma a hoto aka gan su a Facebook ko TikTok. Mai shagon kansa yana iya sayar da jabu bai sani ba. Takarda tana kare shi kamar yadda take kare mai saye, kuma mai gaskiya ba ya asarar komai idan ya rubuta abin da ya faɗa da baki. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma a halin yanzu masu gaskiya ne ke biyan kuɗin zargin da 'yan kaɗan suka jawo.

Wasu kuma za su ce hatimi ana iya ƙirƙirar sa. Haka ne, ƙarfen buga lamba 750 ko 875 ba shi da wuyar samu, kuma lambar da mai ƙira ya buga da kansa da'awa ce kawai. Shi ya sa ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci suka sa wani na uku a tsakani. Ingila ta kafa dokar gwada azurfa da zinariya tun shekarar 1300. A Faransa hatimin kan mikiya shi ne shaidar karat 18. Indiya, wadda matanta ke ajiye dukiya a kayan ado kamar matan nan, ta fara tilasta hatimin hukuma a Yunin 2021, kuma daga Afrilun 2023 kowane kaya yana ɗauke da lambarsa ta haruffa da alƙaluma shida da mai saye ke iya bincikawa a wayarsa.

Tsoro na uku shi ne wanda ya fi cancantar a saurara: kada gwaji ya zama sabuwar ƙofar haraji da tatsar ƙananan maƙera. Wannan tsoro yana da tushe, kuma duk tsarin da zai yi aiki sai ya kasance mai araha, kusa da kasuwa, da maƙeran kansu a cikin tafiyar da shi. Idan sai an ɗauki zobe daga Tahoua an kai Yamai kafin a buga masa hatimi, babu wanda zai bi.

Ƙasar da ke haƙo ta

Nijar ba baƙuwa ba ce a harkar zinariya. Ana haƙar ta da hannu a Komabangou cikin jihar Tillabéri tun shekarun 1980. Mahaƙar Samira ta fara fitar da ita a 2004. A 2014 aka gano ta a Djado da Tchibarakaten cikin jihar Agadez, dubban matasa suka kwarara can. A ranar 7 ga Nuwamban 2021 rami ya rufta a Garin Liman kusa da Dan Issa cikin jihar Maradi, aƙalla mutum 18 suka rasu. Akasarin abin da ake haƙowa da irin wannan wahala yana ficewa ɗanye. Ƙungiyar Swissaid ta ƙiyasta cewa aƙalla tan 435 na zinariya aka fitar daga Afirka ta ɓarauniyar hanya a 2022, mafi yawa zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Daga can ake ƙera wani kaso a dawo da shi a matsayin sarƙar Dubai, a biya kuɗin ƙira da na jirgi da ribar dillalai.

Matan da ke fifita kayan Dubai ba ƙin na gida suke yi ba. Sun yarda ne cewa abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki, kuma za su iya sayarwa ko'ina. Ƙwarewar hannu kuwa akwai ta a nan: maƙeran fari na ƙasar Hausa da maƙeran Abzinawa da suka fitar da sunan Agadez a duniya da aikin azurfa, da waɗanda ke aiki a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Abin da aikinsu ya rasa a idon mai saye shi ne shaidar da ba ta dogara da sanayya ba. Hatimin da aka yarda da shi zai amfani maƙerin gida fiye da kowa, domin shi ne zai sa ɗan ci-rani a Abijan ya ce a ƙera masa a Damagaram hankalinsa kwance.

Abin da ya kamata a yi

Ma'aikatar ma'adinai da hukumar ANMC mai kula da ma'aunai da ingancin kaya, tare da ƙungiyoyin maƙera, suna iya farawa da abu ƙarami: teburin gwaji ɗaya a babbar kasuwar Yamai, ɗaya a ta Maradi, ɗaya a Kasuwar Dole ta Damagaram, da Tahoua da Agadez, kowanne da na'urar haskawa da sikelin da aka tantance, da kuɗin gwaji da aka rubuta a allo kowa ya gani. A riƙa duba sikelin masu shaguna lokaci zuwa lokaci kamar yadda ya kamata a duba famfon gidan mai. A wajabta takardar ciniki ga duk kayan da aka sayar da sunan zinariya, a kuma raba masu ruwan zinariya a wani gefe na shago da sunansu na gaskiya, domin su ma kaya ne na halal ga mai son ado da ƙaramin kuɗi.

Kafin hukuma ta motsa, mai saye yana da abin yi a hannunsa. A auna kayan a gabansa ya ga lambar da idonsa. A rubuta masa nauyi da karat da farashin giram da kuɗin ƙira da kwanan wata, da suna da sa hannun mai shago. A tambayi mai shago nawa zai karɓi kayan idan aka dawo da su gobe, domin amsar tana nuna yadda shi kansa ya yarda da su. Idan kuɗin suna da yawa, a kai wa wani maƙeri na daban ya gwada kafin a gama biya. Ɗan ci-ranin da ke aiko da kuɗi ya nemi hoto biyu: na sarƙar a kan sikeli lambar tana fitowa, da na takardar. Idan aka kai lefe kuma, takardar ta bi sarƙar zuwa hannun amarya, domin ita ce za ta tsaya gaban sikeli ranar da bukata ta taso.